Malam Buɗe Littafi, Faɗa-wuta da Tsutsotsinsu: Yadda Ake Gane Su a Abuja da Kewaye

Malam buɗe littafi da faɗa-wuta ƙwari ne 'yan gida ɗaya, waɗanda masana kimiyya ke kira Lepidoptera, wato masu fukafukai da ke lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo. Ɓawon nan shi ne garin da ke maƙalewa a yatsa idan mutum ya kama ɗaya daga cikinsu, kuma shi ke ba fiffiken launi da zane. An san nau'i kimanin 160,000 na wannan gida a duniya. Ƙasa da 20,000 daga ciki ne malam buɗe littafi, sauran duk faɗa-wuta ne da danginsa, har da asu mai cin tufafi a cikin adaka. Littafin da masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa a shekarar 2005 ya ƙunshi nau'in malam buɗe littafi kusan 1,500 a Afirka ta Yamma, kuma fiye da 1,000 daga cikinsu ana samun su a Nijeriya.

Amfanin sanin waɗannan ƙwari ya wuce sha'awar ido. Kowane ɗaya daga cikinsu ya fara rayuwa ne a matsayin tsutsa, galibi mai cin ganye. Wata tsutsar tana cinye gonar masara, wata ana sayar da ita a kasuwa a ci, wata kuma da zarenta aka yi wa manyan riguna aiki. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce a san shukar da kowace take ci, domin galibinsu ba sa barin shuka ɗaya ko 'yan uwanta na kusa.

Matakai huɗu na rayuwa

Macen ƙwaron tana neman shukar da 'ya'yanta za su iya ci, ta ɗanɗana ganyen da ƙafafunta, sannan ta saka ƙwai, galibi a ƙarƙashin ganye. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ba ta da wani aiki sai ci. Da yake fatarta ba ta girma tare da ita, takan yi saɓa kamar maciji, yawanci sau huɗu ko biyar. Idan ta ƙoshi sai ta shiga mataki na uku, wato kwanci: ta daina ci, jikinta ya daskare cikin wata kwasfa. Tsutsar malam buɗe littafi takan rataye kanta a jikin reshe ko bango, ba tare da mayafi ba. Ta faɗa-wuta kuwa takan saƙa gidan zare ta shige, ko ta nutse cikin ƙasa. A cikin kwasfar ne ake sāke ƙirar jikin gaba ɗaya, har ƙwaro mai fiffike ya fasa ya fito. A yanayin zafi irin na Nijeriya wasu nau'o'in kan kammala wannan zagaye cikin wata guda, wasu kuma sau ɗaya kawai suke yin sa a shekara.

Babban ƙwaro ba ya tauna komai. Yana da dogon baki siriri da yake naɗewa a ƙarƙashin kansa, da shi yake zuƙar ruwan zaƙin fure ko ruwan 'ya'yan itace. Saboda haka kusan duk ɓarnar da ake gani a ganye aikin tsutsa ne.

Ba kowace tsutsa ce 'yar wannan gida ba. Ta wannan gida tana da ƙafafu shida na gaske a kusa da kai, da wasu ƙafafun nama masu kauri a ciki da gindi waɗanda ba sa wuce goma. Tsutsar ƙuda ba ta da ƙafa ko ɗaya. Gwazarmar da ake tonowa a juji tana da shida na gaba ne kawai, domin ita 'yar buzuzu ce.

Bambancin malam buɗe littafi da faɗa-wuta

Alama mafi tabbas tana kan 'yan ƙahonin nan biyu da ke kan ƙwaron. Na malam buɗe littafi sirara ne masu ɗan kumburi a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kuwa ko dai su zama kamar zare mai tsini, ko kamar gashin tsuntsu, musamman a jikin namiji. Malam buɗe littafi yana yawo da rana, idan ya sauka yakan haɗe fukafukansa a tsaye yana buɗewa yana rufewa, abin da ya sa Hausawa suka raɗa masa wannan suna. Faɗa-wuta ya fi fita da dare, jikinsa ya fi kauri da gashi, yakan shimfiɗa fukafukansa ko ya kifa su kamar jinka, kuma sunansa ya samo asali ne daga yadda yake kewaya fitila har ya faɗa mata. Akwai 'yan nau'o'in faɗa-wuta masu launi da ke fita da rana tsaka, shi ya sa duban ƙaho ya fi duban lokaci.

Wurare da lokuta a Babban Birnin Tarayya

Abuja tana tsakanin dazuzzukan kudu da filayen arewa. Akwai ciyayi da itatuwa irin su kaɗanya, ɗorawa da doka, akwai kuma kurmi a bakin rafuka da gindin duwatsu. Wannan haɗuwa ta sa mai lura zai iya ganin nau'o'in fili da wasu na kurmi a yini ɗaya. A cikin birni, Millennium Park da ke Maitama, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2003, da gidan namun daji na yara da ke gindin Dutsen Aso, da bakin tafkin Jabi, wurare ne masu sauƙin zuwa. A wajen birni akwai kewayen madatsar ruwa ta Usuma a yankin Bwari, da gonaki da fadamun Kuje, Gwagwalada, Kwali da Abaji.

Damina a Abuja takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba. Tsutsotsi suna yawaita bayan ganye ya tofo, manyan ƙwarin kuma sun fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka. Da hantsi ake ganin malam buɗe littafi sosai, lokacin da rana ta ɗumama masa jiki. A bakin rafi ko inda dabbobi suka yi fitsari akan tarar da gungu sun sauka a kan jiƙaƙƙen yashi. Galibinsu maza ne, gishirin da ke cikin danshin suke sha.

Yanayi yana iya ruɗa mai kallo. Nau'in da ake kira Precis octavia yana fitowa da launin ja-ja mai baƙin gefe a damina, amma waɗanda suka ƙyanƙyashe don rani sukan fito da duhun shuɗi, har an daɗe ana ɗaukar su nau'i biyu. Haka ma wasu masu launin ƙasa da ke tashi a inuwa da almuru: a damina suna da ɗigogi masu kama da ido a ƙasan fiffike, da rani ɗigogin su dushe, ƙwaron ya koma tamkar busasshen ganye.

Nau'o'in da aka fi gani da shukokinsu

Duk inda tumfafiya take, akwai yiwuwar ganin Danaus chrysippus. Fukafukansa ruwan goro ne masu baƙin gefe da fararen ɗigogi, kuma a Afirka ta Yamma na bayan galibi farare ne. Tsutsarsa tana da zobba baƙi da fari da ɗigon rawaya, da wasu zaruruwa shida a gadon baya. Tana tara dafin da ke cikin ƙaron tumfafiya a jikinta, dafin ya bi ta har ta zama ƙwaro. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya yi amai ba ya sake kusantar mai irin wannan launi, shi ya sa wannan ƙwaro ke tashi a hankali, babu gaggawa.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Macen wani nau'i mai suna Hypolimnas misippus ba ta da dafi ko kaɗan, amma ta ɗauko launin na tumfafiya kusan sak, tsuntsaye suna ƙyale ta. Ana gane ta da fiffiken baya: na mai dafin yana da baƙaƙen ɗigogi uku ko huɗu a tsakiya, nata kuwa ɗaya ne fitacce. Namijinta bai yi kama da ita ba sam. Baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi ya kewaye.

A kan bishiyar lemo ake samun Papilio demodocus, babban ƙwaro baƙi mai ɗigogin rawaya, da tabo biyu masu kama da ido a kowane fiffiken baya. Tsutsarsa tana ƙarama takan yi kama da kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da fari. Idan ta girma sai ta koma kore. In aka taɓa ta takan fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kai, mai wari, don korar maƙiyi. Ba ta yi wa babbar bishiya komai, amma tana iya tsige ganyen dashen lemo ƙarami. Tsince ta da hannu ya wadatar a gida ko ƙaramin lambu.

Fararen nan da rawaya masu saurin tashi da ke cika hanya a wasu lokuta galibi Catopsilia florella ne, kuma tsutsarsu kore ce mai cin tafasa da rai-ɗore. Sukan yi ƙaura a gungu, duk su fuskanci gefe ɗaya. A kan itatuwa masu tsawo kuma akwai dangin Charaxes, masu kaurin ƙirji da ƙarfin tashi, waɗanda ba su damu da fure ba. Ruɓaɓɓen mangwaro, ruwan da ke tsatsowa daga jikin itace da kashin dabbobi su ke saukar da su ƙasa.

Akwai kuma baƙo mai zuwa daga nesa. Vanessa cardui yana ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara daga Turai a ƙarshen damina, ya hayayyafa a filayen da ke kudu da hamada, zuriyarsa kuma ta koma arewa. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa waɗanda aka tsinta a gaɓar Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka, a shekarar 2013, daga Afirka ta Yamma suka tashi, suka ƙetare teku na tsawon kilomita 4,200 ko fiye.

Daga cikin na dare, waɗanda suka fi jan hankali su ne masu jiki kamar harsashi da dogayen fukafukai, waɗanda ke tsayawa cak a iska a gaban fure suna zuƙa. Ana gane tsutsotsinsu da ƙaho ɗaya a gindi. Ta Agrius convolvuli tana cin ganyen dankali. Acherontia atropos kuwa yana da zane mai kama da ƙoƙon kan mutum a bayansa, yana ƙara idan aka taɓa shi, yana kuma shiga amya ya sha zuma. Duk da kamanninsa ba ya cizo, ba ya harbi. Ƙwarin wannan dangi suna cikin masu kai garin fure daga namijin gwanda zuwa macen.

Tsutsotsin da manomi ya kamata ya sani

A farkon shekarar 2016 masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar Spodoptera frugiperda a gonakin masara. Wannan ne karon farko da aka gan ta a Afirka, domin asalinta nahiyar Amurka ce. Cikin 'yan shekaru ta bazu kusan duk ƙasashen da ke kudu da Sahara. Alamominta biyu ne: wani farin zane a goshi mai kama da harafin Y a kife, da baƙaƙen ɗigogi huɗu da suka yi murabba'i a kusa da gindi. Tana ɓuya a cikin kunnen masara, inda sabon ganye ke fitowa, tana barin kashi mai kama da garin katako. Uwarta tana saka ƙwai a dunƙule, ɗari ko fiye a wuri ɗaya, ta rufe su da gashin jikinta. Manomin da ke zaga gonarsa sau ɗaya ko biyu a mako tun masara tana ƙarama zai iya murƙushe ƙwan da ƙananan tsutsotsi kafin su shige inda magani ba ya kai musu da sauƙi.

A wannan shekarar ta 2016 ne kuma Tuta absoluta, wadda manoma a Kano ke kira sharon, ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, daga can ta yaɗu. Tsutsar ba ta kai santimita ɗaya ba. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, sai a ga fararen tabo kamar an ƙona ganyen. Idan aka ɗaga ganyen a hasken rana ana hango ta a ciki tare da baƙin kashinta, kuma wannan ne ke bambanta ɓarnarta da cutar ganye.

Wake yana da tasa, Maruca vitrata, farar tsutsa mai ɗigogi masu duhu wadda ke huda fure da kwanso, tana haɗe su da zare. Saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta samar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a watan Disamba na 2019. A Jamhuriyar Nijar kuma, inda tsutsar Heliocheilus albipunctella ke bin zangarniyar gero tana sassaƙa ta a karkace, masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi aiki da manoma wajen kiwo da sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke saka ƙwansa a jikin tsutsar ya kashe ta.

Wannan misali na Maraɗi yana nuna dalilin da ya sa ake so a gane tsutsa kafin a ɗauki famfon feshi. Feshin da aka yi a makance yana kashe zanzaro, gizo-gizo, cinnaka da sauran masu cin tsutsa, yana kashe ƙudan zuma, yana cin kuɗin manomi, kuma yawan maimaita magani ɗaya yana sa tsutsar ta saba da shi. Wanda ya ga tsutsar da bai sani ba, ya fi masa ya saka ta a kwalba tare da ganyen da ya same ta a kai, ya kai wa malamin gona.

Masu amfani: zare da abinci

Tun kafin zaren siliki na kanti ya yawaita, masu ɗinkin manyan riguna a Kano, Zariya da Bida suna aiki da zaren da Hausawa ke kira tsamiya, Yarabawa kuma sanyan. Tsutsotsin dangin Anaphe ne ke samar da shi. Suna rayuwa a gungu a kan itatuwa irin su tsamiya da doka, idan lokacin kwanci ya yi sai su taru su saƙa babban gida ɗaya. Akan dafa gidan da ruwan toka don ya saki danƙonsa, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Launinsa fari-fari ne ko ruwan ƙasa, kuma rigar da aka yi wa aiki da shi kayan sarakuna da attajirai ce.

A kan kaɗanya kuma ake samun tsutsar Cirina, baƙa mai ɗigogin rawaya, wadda ke fitowa sau ɗaya a shekara a tsakiyar damina. Takan tsige ganyen bishiyar, daga baya ta sauko ta shige ƙasa, bishiyar kuma ta sake tofo. A ƙasar Nufe da Jihar Kwara ana tsince ta, a tafasa, a busar, a kai kasuwa, inda ake kiran ta manimani, ana sa ta a miya a madadin nama ko kifi. Mutanen yankin Bobo-Dioulasso a Burkina Faso ma suna cin ta sosai. Sai dai ba kowace tsutsa ake ci ba tare da hatsari ba. Likitoci sun danganta wata rashin lafiya mai sa karkarwa da tangaɗi, da ake gani da damina a yankin Ilesha, da cin tsutsar Anaphe venata, saboda wani sinadari a jikinta da ke lalata bitamin B1.

Yadda ake lura da su

Kayan aikin ba su da yawa: wayar hannu mai kyamara, littafin rubutu da haƙuri. A matso a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kan ƙwaron. A ɗauki hoton saman fiffike da na ƙasansa, domin sau da yawa alamar da ke raba nau'i biyu tana ƙasa ne. A rubuta rana, wuri, lokaci da sunan shukar. Ga tsutsa, hoton gefe da na kai da na ganyen da take ci sun fi komai amfani.

Don ganin masu son 'ya'yan itace, akan ajiye ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro a inuwa a dawo bayan sa'o'i. Don na dare, akan rataya farin zane a haska shi da fitila a daren da babu farin wata, musamman bayan an yi ruwa. Wanda yake son tabbatar da abin da tsutsa za ta zama zai iya renon ta a cikin roba mai murfin yadi, yana sa mata sabon ganye na shukar da ya same ta a kai kullum, da 'yar ƙasa a gindi ga masu nutsewa, har ta fito ya sake ta. Manhajar iNaturalist tana ba mutum damar ɗora hoto masana daga ƙasashe daban-daban su taimaka da suna, kuma hoton ya zama shaida ta inda aka ga nau'in da lokacin da aka gan shi.

Gizaka da duk wata tsutsa mai gashi ko ƙaya ba a taɓa su da hannu, domin gashin yana karyewa a fata ya jawo ƙaiƙayi da kumburi. Idan ya taɓa mutum, a cire gashin da salatif, a wanke da ruwa da sabulu, kada a sosa. In ya shiga ido ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti.

Abin da ke rage su

Da yake kowace tsutsa tana da shukarta, duk inda shukar ta ɓace ƙwaron ma ya ɓace. Gine-ginen da ke cinye fadamu da bakin rafuka a Abuja, sare kaɗanya da doka don gawayi, ƙona daji da rani lokacin da da yawa ke kwance cikin kwasfa, da feshin ciyawa a gefen gona, duk suna rage su. Fitilun da ke ci har asuba ma suna janye faɗa-wuta daga neman abinci da barbara. Mai gida ko makarantar da ta bar 'yar kusurwa da tafasa, tumfafiya, bishiyar lemo da ciyawar gida ba tare da feshi ba, za ta ga nau'o'i da dama sun zo cikin damina ɗaya, yara kuma su ga matakan nan huɗu da idonsu.